Tattabarun Ladanin Ajame

Tireshbil, Abijan
Watan Sha'aban, 1937

Zuwa ga yayata Tsahara, a Tasawa.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa tare da so da girmamawa. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigida da yara da duk mai cin tuwon gidanki. Yaya ƙafar nan taki mai kumburi? Yaya damina ta bar ku? Mu nan lafiya lau, sai zafi da sauro da kewar gida.

Bayan haka, Yaya, ki sa Malam ya karanta miki wannan ke kaɗai. Idon ɗan'uwanmu Yaya Nomau ya tafi. Yanar da na gaya miki bara ta gama rufe na dama, na hagun ma haske da duhu kawai yake bambancewa. Mun kai shi wurin lokotoro, likitan Turawa, a unguwar Filato, mun yi na gargajiya har mun gaji, Allah bai nufa ba. Jikinsa garau yake, cinsa ma ya fi nawa, faɗansa kuma yana nan yadda kika san shi.

Kin san tun da ƙafarsa ta gaji da bin shanu ya zama ladanin masallacinmu na Hausawa a unguwar Ajame. Abin da ba ki gani da idonki ba shi ne yadda ya riƙe aikin nan. Ladanai da yawa murya ce kawai gare su, shi kuwa lokaci ya sani. Inuwar garin nan ba irin ta gida ba ce. Wasu watanni ta karkata arewa, wasu ta koma kudu, wata rana ma ta shige ƙarƙashin ƙafarka ka neme ta ka rasa. Shi ya san halinta kamar yadda ya san halin bijimi. Ya fita tsakar gida ya auna ta da tafin ƙafa, ya hau matakalar masallaci ya yi kira, ba a taɓa cewa ya yi sauri ko ya makara ba.

Yanzu asuba ba ta da wuya, zakaru suna nan. Magariba da lisha matarsa Hajo tana gida. Azahar da la'asar ne damuwar. Da rana gidan hayar nan fayau yake, kowa ya tafi nema, Hajo kuma tun da safe take ƙetare gada ta zo nan Tireshbil tana sayar da tuwo ga masu lodin katako da buhunan koko a bakin ruwa, da shi gidan yake ci. Sau biyu a watan jiya ya makara da azahar har mutane suka yi sallarsu ba kira.

Liman mutumin kirki ne. Ya ce makaho ladan ba yau aka fara ba, a samu mai zuwa ya riƙa gaya masa lokaci. Yaya Nomau ya ƙi ƙememe. Ya ce wanda za a zo a taɓa a ce tashi ka yi ihu ba ladan ba ne, ƙaho ne. Ya ce in ba zai iya da kansa ba, a sa shi jirgin ƙasa na Bobo ya dawo Tasawa ya zauna gindin katanga. Ni na san shi, Yaya, ke ma kin san shi. Ranar da ya daina hawa matakalar nan, zaman jiran mutuwa zai yi, kuma ba zai daɗe yana jira ba. Abin nan yana hana ni sukuni.

Hajo ta je ta durƙusa gaban Liman ta roƙi a ba su zuwa Babbar Salla kafin a naɗa wani. Aka ba su. Na zaci wurin wani mai magani za ta kai shi. Ina! Matar nan sai ta bar wa maƙwabciyarta tukunyar tuwon, ta sayo dawa, ta zauna tsakar gida tana zance da tattabarun da take kiwo a tukwane bayan ɗaki. Na ce mata in yunwa ta kama su kada ta zo ƙofata, ta soya almajiranta su ci. Ta ce in na ga dama in zo da gishiri. Kin san ni da ita ba ma rabuwa da tsiya, amma wannan karon da gaske na tsorata, na ɗauka baƙin ciki ne ya taɓa ta.

Ki sa mu cikin addu'a. Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanenki,
Kailu

Tireshbil, Abijan
Bayan Babbar Salla, 1938

Zuwa ga Yaya Tsahara.

Assalamu alaikum. Barka da salla, Allah ya maimaita mana. Ina fata kun yi layya lafiya, yara sun ci nama har sun ture. Saƙonki na kuka da daddawa ya iso ta hannun Mati mai rakiyar shanu, mun gode, Allah ya bar zumunci. Na ji kuma kin ce a maido miki da Nomau ki riƙe abinki. Ki dakata tukuna ki ji.

Na janye duk abin da na faɗa kan Hajo. In da ina da rawani da na cire na naɗa mata.

Ga abin da ta yi. Ta samo tasa ta zuba dawa, ta yanko marfin garwar kananzir ta rufe, ta ɗaura masa igiya yadda in an ja zai buɗe. Da fari ta riƙa barbaɗa 'yan ƙwayoyi a kan marfin, tattabarun suna tsatstsaga yana ƙara. Da suka saba sai ta daina barbaɗawa, sai wadda ta buga baki a kan marfin take buɗe wa. Ba a jima ba duk suka gane cewa bugun nan shi ne sallama. Daga nan aikin gaske ya fara. Ta sa Yaya Nomau ya koya mata awon inuwa, ta kafa turke a tsakar gida, ta ƙi buɗe tasar sai inuwa ta kai azahar, sannan kuma sai ta kai la'asar. Su buga da hantsi, ta kawar da kai. Su buga har su hau mata ka, ko motsi ba ta yi. Na zo wata rana na tarar da ita zaune cikin rana, gumi yana ɗiga ta haɓa, tattabara ɗaya a kan ɗankwalinta, hannunta riƙe da igiya, idonta a kan turke. Na yi niyyar tsokana, na fasa.

Ta ce mini sirrin abin ba a bayarwa yake ba, a hanawa yake. Kuma abin da za a bayar ya zama kaɗan, tafi guda ga dukkansu, domin in suka ƙoshi da azahar ba su da abin nema da la'asar. Tsuntsu ba ya son wahalar banza, in ji ta. In ya gane bugun safe ba ya kawo komai, zai ajiye bakinsa sai lokacin da yake biya.

Haka kuwa aka yi. Yanzu in kin zauna gidan da rana, da safe ba ki jin komai sai kukansu a kan rufi. Can in rana ta kusa tsaka sai ɗaya ta sauko ta buga sau ɗaya ta tafi. A jima wata ta zo. Sai bugun ya riƙa ƙaruwa kamar yayyafi a kan tol, wato kwanon rufi, har ya zama ruwa sosai. Yaya Nomau yana zaune kan buzunsa, igiyar tana ɗaure a ƙafar kujera kusa da shi, ya karkata kai yana saurare. In yayyafin ya fara sai ya jawo buta. In ya kankama sai ya ja igiyar, ya miƙe, ya dafa katanga ya bi ta har matakala. Ni da na tsaya na gani sai da na juya baya na share ido.

Akwai abu guda da ta lura da shi wanda ni ko shekara zan yi ba zan gani ba. Tattabarun 'yan wayo ne, kullum suna ɗan matso da bugun gaba, shi kuma yana buɗe musu, to da an bar su haka da wata rana sai a yi azahar da hantsi. Shi ya sa duk Jumma'a ba ta zuwa kasuwa. Ta karɓi igiyar, ta zauna da turkenta, ta maido su kan hanya. Sauran ranaku ta koma tuwonta.

Tun kafin Ƙaramar Salla bai ƙara kuskure ba. Liman ya ce zancen naɗa wani ya mutu. Ki ga Yaya Nomau yanzu yana tafe yana taƙama, wai shi da yaransa suke aikin. Hajo sai dai ta kalle ni ta yi murmushi. Wallahi Yaya, mun yi sa'ar mace a gidanmu, ko da yake ba zan faɗa a gabanta ba, kanta zai kumbura.

A gaida maigida da Malam mai karanta miki.

Naki,
Kailu

Tireshbil, Abijan
Ƙarshen watan Gani na Mauludi, 1938

Zuwa ga Yaya Tsahara.

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Ko ruwa ya sauka wajenku? Mu nan ya sauka har ya yi yawa, lungunan Ajame duk taɓo ne.

Yaya, takardar yau ba ta da daɗi. Abin ya lalace, kuma ba maƙiyi ya lalata shi ba, masoya ne.

Labarin tattabarun ya bazu. Har Julawa da mutanen gari suna zuwa leƙe. Aka fara cewa tsuntsayen nan masu albarka ne, sun san lokacin salla. To kin san mutanenmu, abin da muka ce yana da albarka sai mun yi masa sadaka. Mai neman haihuwa ta zo ta watsa gero ta kan katanga. Mai tafiya fatauci ya biyo da tafin shinkafa. Hajo tana can bakin ruwa, shi kuma ba ya gani, yana dai jin ana sallama ana neman addu'a yana amsawa. Sai ga Maiwada, babban dillalin shanunmu, wanda ya yi wa masallacin rufin tol, ya aiko da buhun dawa sukutum, ya ce a riƙa watsa musu kullum domin lada ya kai ga mahaifiyarsa. Da zuciya ɗaya ya yi, na rantse. Amma tsuntsun da ya ƙoshi me ya haɗa shi da marfin garwa? Wasu suka daina bugu sam. Wasu kuma suka riƙa yi duk lokacin da suka ga dama, domin kowane lokaci abinci yana faɗowa daga sama.

Ran Talatar da ta wuce gari ya lumshe. Suka hau marfin da bugu, shi kuma ya tashi ya kira la'asar alhali mutane ba su daɗe da idar da azahar ba. Wasu tsofaffi suka bi kiran suka yi salla, sai da aka ce su sake. Na iso na tarar da shi zaune, ko abinci bai taɓa ba har gari ya waye.

Hajo ta bi gida gida tana roƙo a daina watsa hatsin. Ki ji abin da ta samu. Wata ta ce yau ga mai hana sadaka. Wani ya ce so take a ba ta hatsin a hannu ta tuƙa tuwon sayarwa. Da ta kulle tattabarun a ɗakinsu don yunwa ta maido musu hankali, sai aka ce tana azabtar da bayin Allah. Ta shanye duk wannan ba ta rama ba, ita da ko ni ba ta bari in sha ruwa in na taɓa ta.

Dattawa sun zauna. Ba wanda ya ci mutuncinsa, amma sun ce salla ba abin gwaji ba ce, kuma gaskiyarsu ne. Maiwada ya ba Uwaisu tela agogon aljihunsa, aka ce ya riƙa dubawa. In Yaya Nomau ya sake kuskure ko sau ɗaya, Uwaisu ya karɓi kiran. Uwaisu kansa ba so yake ba, ya zo ya durƙusa ya ba shi haƙuri.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba sai ke. Tattabarun ba za su gyaru da wuri ba, Hajo ta ce sai an yi watanni. Saboda haka ta gaya wa Yaya Nomau wai sun dawo hanya. Kullum da safe ta yi masa sallama kamar za ta kasuwa, ta fita, ta zagayo ta baya a hankali ta zauna bayan zana kusa da turke. In inuwa ta kusa sai ta fara buga marfin da farce, ɗaya ɗaya, sannan ta ƙara sauri da yatsun hannu biyu. Ta iya kwaikwayon har ni sai da ta ruɗe ni. Na ce mata wannan ba mai ɗorewa ba ne, muna tsakiyar damina, ranar da rana ta ƙi fitowa sam fa? Ta ce ta sani. Ta ce ko kwana ɗaya ta ƙara masa a kan matakalar nan riba ce.

Ki sa a gyara ɗakin nan na kusa da rumbu, a yaɓe inda yake yoyo. Ina jin kafin kaka zan kawo miki shi.

Ƙanenki mai kewarki,
Kailu

Tireshbil, Abijan
Watan Jimada Awwal, 1938

Zuwa ga Yaya Tsahara.

Assalamu alaikum. Gaisuwa irin ta kullum har da ƙari. Ina fata shuka ta kama, ƙafarki kuma ta yi sauƙi. Ki ce wa Malam ya gyara zama, kada ya yi saurin karatu.

Ranar da na ji wa tsoro ta zo ran Litinin. Tun asuba ake ruwa, sama ta haɗe baƙi ƙirin, ba ka sanin hantsi ne ko yamma. Na hau Ajame taryar shanun da jirgin Bobo zai kawo, aka ce jirgin ya makara, sai na fake gidansu. Na yi sallama, na gaisa da Yaya Nomau yana zaune bakin ƙofar ɗaki da butarsa. Ya ce Hajo ta tafi kasuwa cikin ruwan nan, Allah ya yi mata albarka. Na ce amin, alhali ina hangen ta ta tsagar zana, a tsugune, buhu a ka, ta jiƙe sharkaf, ga marfin garwa a gabanta.

Turke yana tsaye ba inuwa. Ta dube ni, na girgiza kai, ni ina na ga agogo? Da za ta ruga ta tambayi Uwaisu, to ta faɗa wa duniya ke nan cewa babu tattabaru. Ta ɗaga yatsa a kan marfin ta kasa saukewa. In ta buga da wuri ta kashe shi, in ta makara ta kashe shi. Ban san iya zaman da muka yi a haka ba. Ina ta jan Yaya Nomau da zancen farashin shanu, ban ma san abin da nake faɗa ba.

Can sai ya ɗaga mini hannu in yi shiru. Ya jawo buta ya yi alwala a nitse. Ya gama, ya juya fuskarsa daidai wajen zanar, ya ce:

“Ke tattabara mai awarwaro, lokaci ya yi. Buga mana in tashi.”

Yaya, awarwaron nan ta daɗe da su a hannu har ta daina jin ƙararsu, ni ma haka. Mu masu ido mun manta makaho da kunne yake gani.

Ta buga. Tana kuka tana bugawa. Ya ja igiyarsa kamar kullum, ya dafa katanga, ya fita cikin ruwan. Na bi bayansa. Ya hau matakala ya yi kiran da ban taɓa jin ya yi irinsa ba. Da na shiga masallaci na tarar da Uwaisu ya buɗe agogo yana nuna wa Liman. Liman ya duba, ya rufe masa hannu a kan agogon, ya ce a tada salla. La'asar ma haka aka yi, ruwa bai tsaya ba, shi kuma bai kauce ba.

Da yamma na matsa masa da tambaya. Ya ce tun ranar farko ya san ita ce. Ya ce watannin nan da ya yi yana sauraren tattabarun, lokacin ya shiga jikinsa, yana jin zuwansa a ƙirji kamar yadda ake jin yunwa, tun kafin su fara bugu. Sai dai bai yarda da kansa ba. Ranar da ya yi kuskuren nan ma jikinsa ya ce masa a'a, ya bi tsuntsu. Da Hajo ta fara nata bugun sai ya yi shiru yana gwada kansa da ita: ya ji lokacin a jikinsa, a jima kaɗan sai ya ji farcenta. Kullum haka, har ya tabbata. Na ce to me ya sa bai sallame ta ta koma kasuwa ba? Sai ya ce shi da ya rantse ba mai gaya masa lokaci, ga shi an gaya masa kwana da kwanaki, kuma bai taɓa jin abin da ya yi masa daɗi kamar bugun nan ba.

Hajo ta gama kukanta ta share fuska ta hau shi da faɗa, wai ya bar ta tana tsugune cikin taɓo ana kwashe mata masu sayen tuwo. Ya ce ta yi haƙuri. A gabana, Yaya. Nomau ya ce wa mutum ya yi haƙuri!

Ta saki tattabarun, kowa ya watsa musu abin da ya ga dama, sun yi ƙiba har da ƙyar suke tashi. Ita ta koma bakin ruwa. Shi yana nan kan buzunsa, ba tasa ba igiya, in lokaci ya yi ya tashi. Uwaisu ya mayar wa Maiwada agogonsa.

Ɗakin da na ce a gyara, in an riga an yaɓe, ki zuba gyaɗarki a ciki. Nomau ba ya zuwa.

Ki gaida maigida da yara da duk mai tambayarmu. Hajo tana gaishe ki, ta ce in Mati zai sauko ki aiko mata da kanwa. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanenki,
Kailu